Sunayenmu a Jarida

Ina cikin shekarata ta shida a ɗakin shan magani na wani kamfanin roba a Sharaɗa lokacin da maganar gidauniya ta taso. Ɗakin ɗan tsukuku ne a jikin get, gado ɗaya, kabad ɗaya, da fankar da ba ta juyawa sai ta ga dama. Ni ba cikakkiyar nas ba ce, makarantar koyon aikin lafiya na yi, amma kowa a kamfanin Sista yake ce mini, har manaja. Aikina in wanke ciwo, in ɗaure, in ba da maganin ciwon kai. In abu ya fi ƙarfina, in sa a tare adaidaita sahu mu nufi asibitin ƙashi.

Tsofaffin robobi kamfanin yake saye, fasassun bokitai da butoci da silifa. A wanke su da soda, a niƙa, a narkar, a sake zubawa su fito sababbi. Wanda ya fi kowa daɗewa a kan injin niƙan wani dattijo ne daga wani ƙauye ta wajen Jahun, kowa Baba yake ce masa. Ba shi da yawan magana. In ma'aikata suka yi rigima a kan layin ruwa ko rabon aiki, wurinsa ake kai ƙara, ba wurin heluma mai kula da leburori ba, kuma abin da ya faɗa shi ke nan an gama.

Wata Talata da hantsi aka shigo mini da shi, an naɗe hannunsa na dama da rigar wani. Da na warware, yatsu huɗu babu, sai babban yatsan kaɗai, shi ma rabi. Bai yi ihu ba. Salati kawai yake yi, yana ba ni haƙuri wai ya ɓata mini ƙasan ɗaki da jini.

Kamfani ya yi masa magani, ba zan yi musu ƙarya ba. Da ya warke aka ba shi ɗan abin da aka ba shi, aka ce ya je ya huta. Hutun ke nan har yau.

A asibitin ƙashi, lokacin da nake raka shi wankin ciwo, na fara lura ashe ba shi kaɗai ba ne. Kan bencin jira ka ga wani daga kamfanin fata a Chalawa, ruwan jima ya cinye masa ƙafa. Ka ga wani daga Bompai, injin buhu ya tafi da hannu har gwiwa. Tun ana gaisawa sama-sama har aka saba. Baba ne ya ce tunda kowa a gida yake zaune yana ƙunci, a riƙa haɗuwa. Sai aka tsayar da ranar Lahadi bayan la'asar, a gindin wata darbejiya bayan wani kamfanin saƙa da ya daɗe a rufe. An zaɓi la'asar ne saboda wata mata daga Filato da ke sashen ɗaure kaya a kamfaninmu, don ta samu ta dawo daga coci. Ta girme ni sosai, Mama nake ce mata. Ƙaninta ne ya rasa ido a Chalawa, shi ya kawo ta cikinmu, kuma ko da ya koma gida ita ba ta daina zuwa ba.

Ba wani abu muke yi ba. A tambayi lafiyar juna, a ji wanda ba shi da lafiya a je a duba shi. Ni ina zuwa da auduga da bandeji. Akwai Lahadin da muka haura mutum talatin.

Wata rana a asibitin wata Hajiya ta tsayar da ni. Ta ce ta sha ganina da waɗannan mutane, su waye? Na gaya mata. Ta ce tana aiki da wasu masu ba da taimako, suna sa wa mutane hannun roba da ƙafar roba, su kuma koya musu sana'ar da za su iya da abin da ya rage musu na jiki.

Na ce, "Hajiya, ai kamar Allah ne ya jefo ku. Yaushe zan kawo su?"

Ta ce, "Ba haka ake yi ba, Sista. Mu ba ma hulɗa da mutum ɗaya-ɗaya. Ƙungiya muke ba, mai rajista, mai asusu a banki da sunanta. Ku yi rajistar gidauniya, ki kawo mini satifiket, sauran ki bar mini. Amma ku hanzarta, shirin ba zai wuce baɗi ba."

Da na kai labarin gindin darbejiya, na ga abin da ban taɓa gani ba: Baba yana dariya har haƙoransa a waje. Wani ya tambaya ko hannun roban yana riƙe fartanya. Wani ya ce shi dai ya samu ya riƙe kan babur. A ranar aka ce Baba ne shugaba, ni ce magatakarda tunda ina jin Turanci. Na ɗauka aikin sati biyu ne.

Mijina ne ya haɗa ni da wani lauya, ofishinsa a saman bene ta wajen Nassarawa. Mutumin kirki ne, har gobe ba na ganin laifinsa. Mu huɗu muka je: ni, Baba, Mama, da wani magidanci mai tuƙa injin buta a kamfaninmu, wanda muke kira Malam saboda shi yake jan mu salla in lokaci ya riske mu. Shi lafiyarsa ƙalau, tausayi ne kawai ya kawo shi.

Barista ya saurare mu har muka gama, sannan ya jawo takarda ya fara rubutu yana yi mana bayani. Da farko suna: za mu ba da suna biyu, hukumar rajista ta duba ko wani ya riga mu, ta kuma yarda da shi. Sai tsarin mulki, a rubuce, da manufofinmu. Sai takardar zaman da aka yi aka zaɓi amintattu, da sa hannun shugaba da magatakarda.

Baba ya ce, "Su waye amintattu kuma?"

"Su ne mutanen da doka za ta sani, Baba. Gidauniya ba ta da hannu ba ta da baki, su ne hannunta. Duk abin da ta mallaka da sunansu ake riƙe shi amana. Kowannensu sai ya kawo hoto da lambar shaidar ɗan ƙasa, ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shi baligi ne, hankalinsa ƙalau, ba a taɓa kama shi da zamba ba. Bayan nan a buga sunayensu da manufofinku a jarida biyu, a jira kwana ashirin da takwas ko akwai mai ƙorafi."

Mama ta ce, "Wa zai yi ƙorafi don an taimaki mai guntun hannu?"

Barista ya ce yawanci ba a samu, ƙa'ida ce kawai. Ya kuma gargaɗe mu cewa akwai wani sharaɗi da dole a rubuta: duk abin da gidauniya ta samu, a kan manufarta za a kashe shi, ba a raba wa 'yan ƙungiya kamar riba. Baba ya ce wannan ai ko ba a rubuta ba haka ne.

Sunan farko da muka bayar aka dawo da shi, wai ya yi kama da na wasu a wata jiha. Na biyu ma aka dawo da shi, saboda mun sa kalmar haɗin kan ma'aikata, aka ce wannan ya yi kama da ƙungiyar ƙwadago, kuma su ba a nan ake musu rajista ba. A cikin manufofinmu mun rubuta cewa za mu taya wanda ya ji rauni neman haƙƙinsa. Barista ya ce mu cire, in ba haka ba za a yi ta dawo mana da takardun. Muka cire. Aka bar tallafi, da jinya, da koyar da sana'a. Kafin suna na uku ya samu karɓuwa, wata biyu sun shuɗe.

Sai maganar lambar ɗan ƙasa. Ni ina da ita, Mama tana da ita, Malam ma haka. Baba ba shi da ita. Ya ce lokacin da ake yi yana aikin safe, in ya tashi an rufe. Mun so mu sa wani mutumin Damagaram cikin amintattu, wanda ya fi shekara ashirin a Chalawa, don a samu wakilin 'yan uwansa da suke da yawa a cikinmu. Barista ya ce ba a hana baƙo ba, amma sai da fasfo da takardar izinin zama. Mutumin ya yi murmushi ya ce shi ko hoton kansa ba shi da shi. Maganarsa ta mutu a nan.

Na ɗauki hutun rana ɗaya na kai Baba wurin yin rajistar. Muka bi layi tun safe, sai wajen azahar muka shiga. Wata budurwa ce a kan kwamfuta. Ta ɗauki hotonsa, ta tambayi sunan uwa da na uba, sannan ta turo wata 'yar na'ura mai gilashi ta ce ya ɗora yatsunsa huɗu na dama.

Baba ya fito da hannun daga aljihu ya ɗora a kan tebur.

Yarinyar ta kalla, ta kau da kai. Ta ce, "Yi haƙuri Baba. Kawo na hagu."

Ya ɗora. Na'urar ta yi ja. Ta ce ya danna sosai. Ya danna. Ta ce ya goge a riga, ya goge. Ta ɗauko man shafawa daga jakarta ta shafa masa, aka sake. Na'urar dai ja take yi. Sai na kama hannun na duba, ni da na yi shekaru ina duba hannuwa ban taɓa lura ba. Kafin a mayar da shi kan injin niƙa, Baba ya daɗe a wurin wanki. Soda ta cinye zanen yatsun ƙaf, sun yi sumul kamar bayan cokali.

Yarinyar ta ce akwai yadda ake yi wa irinsu, amma ba a ƙananan wurare ba, sai babban ofis. Muka je babban ofis. Zuwan farko aka ce babu sabis. Na biyu aka ce mai sa hannu a irin wannan takarda ya tafi taro. Na uku aka ce mu kawo rahoton likita, muka kawo, aka karɓa, aka ce za a kira mu. Daga gidan da Baba yake zaune zuwa can mota biyu ce, kuma duk zuwa sai ya fito da hannun a gaban jama'a ya yi bayani daga farko. A zuwa na huɗu, muna fitowa, ya tsaya a bakin titi ya ce,

"Sista, ya isa haka. Na gaji da nuna shi."

Na ce, "Baba, ku ƙara haƙuri, saura kaɗan."

"Kin san saura kaɗan ne?"

Gaskiya ban sani ba.

Barista ya ce lokaci yana tafiya, a ci gaba da mu uku, Baba kuwa a rubuta shi a matsayin uban ƙungiya. Na tambaye shi me uban ƙungiya yake yi. Ya ce gaskiya a doka ba komai, girmamawa ce. Ranar Lahadi na yi ta kwana-kwana ina neman yadda zan faɗa. Baba ya bari na gama, ya ce, "Na gane. A ba ni kujera in zauna in yi shiru. Ba komai, ku je ku yi. Ba sunana nake nema ba."

Muka je kotu mu uku muka yi rantsuwa. Mama ta riƙe Littafi Mai Tsarki, ta sa zanen da take zuwa coci da shi. Malam ya sa farar shadda. Adireshin ofis ma sai da aka nema, muka sa gidanmu na Na'ibawa, bayan mijina ya yi kwana biyu yana tunani. Aka sassaƙa mana hatimi. Sannan Barista ya tura sanarwar jarida.

Ranar da ta fito na sayi jaridun duka biyu a wurin mai jarida na bakin shataletale. Sai da na buɗe shafi bayan shafi kafin na gan ta, can ciki, 'yar ƙarama, tsakanin masu canjin suna da masu cigiyar takardar fili. Sunan gidauniya a sama, sunayenmu uku a jere, sai manufa: tallafa wa ma'aikatan da suka samu rauni a masana'antun Sharaɗa, Chalawa da Bompai. Mama ta yanke tata da reza ta sa a cikin jaka. Na ce a raina wa ma zai kula da wannan ɗan rubutu.

Kwana tara aka yi. A rana ta goma manajan ma'aikata ya aiko a kira ni. Jaridar tana kan teburinsa, an kewaye sanarwar da jan biro.

Ya ce, "Sista, wannan sunanki ne?"

Na ce nawa ne.

"Ƙungiya kuke kafa mana a cikin kamfani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙungiyar ƙwadago ba ce. Taimako ne. Hannun roba za a samo wa mutane. Ku duba, ko sunan kamfani babu."

"Babu sunan kamfani, amma duk ukunku a nan kuke aiki. Yau hannun roba, gobe lauya, jibi 'yan jarida da kyamara a bakin get. Masu kamfani sun gani, ba ni na kai musu ba. Me kike so in ce musu?"

Na yi ta rantsuwa. Na ce in kawo masa tsarin mulkin ya karanta, mun ma cire maganar neman haƙƙi da hannunmu. Ya ce ba ya buƙata. Ya ba ni takardar gargaɗi na sa hannu. Ni ma'aikaciyar dindindin ce, kuma in masu duba masana'antu suka zo, dole a nuna musu akwai ma'aikacin lafiya. Korata tana da wahala.

Mama da Malam kuwa ta hannun ɗan kwangila suke aiki, kamar yawancin mutanen kamfanin. Irinsu ba a korarsu. Kullum da safe mai gadi yana riƙe da takarda a get, yana kiran suna, wanda aka kira ya shiga. Ranar Litinin aka kira kowa, ba a kira su ba. Tagar ɗakina tana kallon get, ina tsaye ina gani. Mai gadi ya sake duba takardar, ya juya bayanta, ya ce wataƙila kuskure ne, su dawo gobe. Suka dawo Talata, suka dawo Laraba. Ranar Alhamis Mama ce kaɗai ta zo. Ta tsaya da 'yar kular abincinta har aka rufe get, sannan ta ɗago ta kalli tagata ta ɗaga mini hannu, ta juya. Ban fita ba. Na sha gaya wa kaina cewa akwai mara lafiya a kan gado a lokacin, kuma da gaske akwai, amma ciwon kai ne kawai yake damunsa.

Babu wanda ya kai ƙorafi hukuma. Kwana ashirin da takwas suka cika lafiya lau.

Malam ya zo gidanmu da yamma, ya ƙi shiga, ya tsaya a zaure shi da mijina, aka kira ni. Ya ce ya je kamfani huɗu, biyu a Sharaɗa biyu a Bompai. 'Yan kwangilar duk sun san juna. Da ya faɗi sunansa sai a ce babu gurbi.

Ya ce, "Sista, ban zo faɗa ba. Ba ke kika ja ni ba, ni na kawo kaina. Amma ina da 'ya'ya shida. A cire sunana."

Na ce, "Malam, an riga an gama, satifiket kawai muke jira. Ko an cire, jaridar ta riga ta fita."

"Na sani. A cire dai. Ina so in an tambaye ni in iya rantsuwa ba na ciki."

Barista ya ce haƙƙinsa ne, ba a riƙe mutum a amana dole. Amma cire shi yana nufin sabon zama, sabuwar takarda, sabon amintacce da tasa rantsuwar, a sake buga jarida, a sake jira. Na kai maganar gindin darbejiya na ce wa zai maye gurbin Malam. A ranar ba mu kai mutum goma sha biyar ba. Masu sauran aiki a hannu duk sun ɗauke ƙafa. Waɗanda suka rage, wasu ba su da lamba, wasu suna da ɗa ko ƙani a kamfani. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani mai ƙafa ɗaya daga Chalawa ya ce, "Da can muna zamanmu lafiya. Wannan takardar ce ta jawo mana."

Daga ƙarshe yayan mijina, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, ya yarda a sa shi, tunda ba shi da aikin da za a raba shi da shi. Bai taɓa shiga kamfani ba, ko Baba bai taɓa gani ba.

Mama ta ce ita a bar sunanta. "Abin da za su yi sun riga sun yi," in ji ta. Ta gwada sayar da abinci a bakin wani kamfani, abin bai karɓe ta ba. Kafin a buga sanarwa ta biyu ta tattara kayanta ta koma ƙauyensu. Na raka ta tasha. Ta riƙe hannuna ta ce in satifiket ya fito in ɗauki hotonsa in tura wa ɗanta a waya, ya nuna mata.

Satifiket ɗin ya fito bayan shekara da 'yan watanni daga ranar da muka fara hawa benen Barista. Ba wani biki. Saƙo aka turo masa, ya buga mini a takarda mai kauri, ya ce Allah ya sa albarka. Washegari na nemi Hajiyar. Lambarta ba ta shiga. A asibitin ƙashi aka ce mini shirin ya ƙare tun kafin azumi, ita kuma an mayar da ita wata jiha. Da kyar na samu sabuwar lambarta. Ta tuna ni. Ta yi mini murna sosai, ta ce in adana shi, ba a san gaba ba, wataƙila wani shirin ya zo.

Duk da haka na je banki, don kada a ce ban ƙarasa ba. Suka ce sai na kawo lambar haraji ta gidauniya, da wata takarda daga ofishin da ke sa ido kan kuɗin ƙungiyoyi, kuma masu sa hannu su zo da kansu. Mama tana can inda ko waya sai an hau tudu. Na karɓi fom ɗin na dawo gida.

Baba ya riga ya koma ƙauye tun farkon damina. Wata Asabar na shiga mota na je. Na same shi a ƙofar gida yana tsince riɗi a faifai da hannun hagu. Ya rame. Ya yi murna da ganina, ya sa aka kawo mini fura. Na fito da satifiket ɗin daga leda na miƙa masa. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya daɗe yana kallonsa duk da ba ya karanta boko.

Ya ce, "Karanta mini sunayen."

Na karanta.

"Na ukun wane ne?"

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai ya ce malamin makaranta ai mutumin kirki ne. Ya tambayi Mama, na faɗa masa. Ya tambayi Malam, na ce an ce yana dako a Dakata, wurin manyan motoci. Maganar hannun roba bai tambaya ba, ni ce na kasa riƙewa na faɗa masa. Ya ce dama ya yi zato. Ya miƙo mini takardar ya ce in mayar a leda kada ta yi datti.

Na ce, "Baba, ku yafe mini. Ni na kawo maganar nan."

Ya ce, "Ke me kika yi? Alheri kika nufa." Sai can ya ƙara da cewa, "Malam ɗin ne yake damuna. Shi da hannunsa biyu."

Zaman Lahadi bai sake haɗuwa ba. Na je sau biyu na tarar da akuyoyi. Na ƙara shekara biyu a kamfanin, amma mutane sun canza mini. In an kawo mai rauni, a yi abin da ya kawo shi a fita, ba hira. Wani ma ya taɓa roƙona kada in rubuta sunansa a ko'ina. Daga baya na ajiye aikin na koma wani ƙaramin asibiti kusa da gida.

Bara Barista ya kira ni. Ya ce doka ta ce kowace shekara amintattu su kai rahoto, a faɗi abin da gidauniya ta yi da abin da ta mallaka, kuma mun yi shekaru ba mu kai ba, gara mu gyara.

Na ce, "Barista, me zan rubuta? Ba ta yi komai ba. Ba ta da ko kujera."

Ya ce, "Haka za a rubuta. Amma sai an rubuta."

Na ce to ni na haƙura, a rufe ta kawai kowa ya huta.

Ya ce ba a rufe irinta da baki. Sai an shigar da takarda kotu, da yardar amintattu, alƙali ya saurara, in akwai dukiya a miƙa wa wata gidauniya mai irin manufarta. Ya ce gaskiya rufewar ta fi buɗewar wahala, shawararsa in bar ta haka.

Na ce, "Har yaushe?"

Ya ce ai ita ba ta mutuwa, haka doka ta yi ta, ko amintattu sun mutu tana nan, sai dai a naɗa wasu. Ya tambaya ko zan iya samo sa hannun Mama kafin ƙarshen wata. Na ce zan gwada.